Yadda Jikar Bawa Ta Zama Malamar Kemistiri

Duk wadda take da 'ya a makarantar sakandare ta san yadda akan yi idan an kawo sabuwar malama. Kafin mako ya kewayo labarinta ya shiga kowane gida: doguwa ce ko gajera, tana da faɗa ko ba ta da shi, ta yi aure ko ba ta yi ba, wane irin zane take ɗaurawa. In kuwa aka ce kemistiri za ta koyar, sai a ƙara da riƙe baki, a ce ashe mace ma tana iya wannan. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne wace hanya ta biyo har ta iso gaban allon nan, su wa suka riƙe ta a hanya, kuma me ya sa da ilminta ba ta nemi aikin da ya fi tsoka ba.

To, yau labarin wata sabuwar malama na kawo muku, ko da yake ba a ƙasarmu ta yi zamani ba, kuma an daɗe da yin abin. Sunanta Josephine Silone, baƙar fata ce 'yar Amurka. Wajen shekarar 1880 ta sauka a wata makarantar baƙar fata da ake kira Lincoln Institute, a garin Jefferson City na Jihar Misuri, tana budurwa, ba ta daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba. Kemistiri aka ba ta ta koyar, tare da adabin Turanci da dabarun magana a gaban jama'a. A lokacin nan shekara 15 ke nan kacal da hana bauta a Amurka.

An haife ta kafin yaƙin basasar ƙasar, a wani ƙauyen manoma da masunta da ake kira Mattituck, cikin Jihar Niyu Yok. Sunan mahaifinta Alexander Silone, mahaifiyarta kuwa Parthenia. A gidan kakanta na wajen uwa ta tashi, wani dattijo mai suna Lymas Reeve, wanda a bauta ya fara rayuwarsa kafin ya sami 'yanci. Watau abin da ake kira bauta ba a littafi yarinyar ta fara jinsa ba, da shi take kwana take tashi a tsakar gida.

Malamarta ta farko uwarta ce. Ita ta zaunar da ita ta koya mata haɗa baƙi da littafin Baibul, domin su Kirista ne, kuma a gidajen talakawa na wancan zamani sau da yawa shi kaɗai ne littafin da ake da shi. Saboda haka da aka kai ta makaranta tana da shekara 6, sai malamai suka tarar ta riga ta wuce ajin da aka sa ta, suka yi ta ciyar da ita gaba. Tana da shekara 9 ta rubuta wani ɗan labari ta aika wa wata jaridar mako-mako ta birnin Niyu Yok. Ba su buga ba, amma sun aiko mata da takarda suna ƙarfafa mata gwiwa.

Makarantar ƙauye dai tana da iyakarta. Nan fa dangin uwa suka shigo, kuma wannan wuri ne da kowace Bahaushiya za ta gane, domin riƙo ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tana da shekara 11 aka ba kawunta ita, wani limamin coci a birnin Filadelfiya mai suna John Bunyan Reeve, musamman don ta shiga wata makaranta da ta yi suna wajen koyar da 'ya'yan baƙar fata, wadda ake kira Institute for Colored Youth. Sai dai bambancin da ke akwai, wannan riƙo ba na aike da wanke-wanke ba ne. Don karatu aka ɗauke ta, karatun kuma aka sa ta.

A can ta gamu da matar da, a ganina, ta fi kowa juya mata rayuwa. Shugabar makarantar, Fanny Jackson, wadda bayan aurenta aka fi sani da Fanny Jackson Coppin, ita kanta baiwa aka haife ta a birnin Washinton a 1837. Wata innarta ce ta yi aikatau a kan dala 6 a wata, tana tarawa kaɗan-kaɗan har ta haɗa dala 125, ta je ta fanshe ta. Fanny ta girma tana aikin gida a wani gidan masu kuɗi a garin Newport na Jihar Rhode Island, tana cire wani abu daga ɗan albashinta tana biyan mai koya mata karatu. Daga nan ta shiga kwalejin horon malamai ta jihar, ta zarce kwalejin Oberlin ta gama a 1865, a 1869 kuma aka naɗa ta shugabar makarantar ta Filadelfiya. Ku dubi abin da yarinya 'yar shekara 11 take gani kowace safiya: mace baƙa kamarta, wadda aka taɓa yi wa kuɗi kamar akuya, ga ta tana koyar da lissafi da harshen Girka, malamai maza suna karɓar umarni daga bakinta.

Shekara ɗaya kawai Josephine ta yi a wurin. A 1871 aka kira kawun nata zuwa Jami'ar Howard a Washinton don ya kafa sashen ilmin addini, sai aka mai da ita gida. Da yawa daga cikin 'yan mata masu ƙwaƙwalwa a daidai irin wannan gaɓa labarinsu yake ƙarewa, mai riƙo ya tashi, karatu ya tsaya, shi ke nan. Ita kuwa sai wata innarta ta ce a kawo mata ita. Ina innar take zaune? A Newport, garin da Fanny Jackson ta yi aikatau.

A Newport ta ƙarasa firamare ta shiga sakandaren garin, Rogers High School. Ita kaɗai ce baƙar fata a ajinsu. Nan ne kemistiri ya shiga ranta.

Bari in ɗan tsaya a nan, domin na san akwai masu karatunmu da suke jin sunan abin a bakin 'ya'yansu kawai. Kemistiri, wanda wasu ke kira ilmin harhaɗa magunguna, shi ne binciken abin da aka yi kowane abu da shi, da abin da ke faruwa idan an gama wani abu da wani. Kuma ba wanda ya fi mace yin sa, ko ta sani ko ba ta sani ba. Ki jefa ɗan gutsuren kanwa cikin ruwan tsamiya, za ki ga yana kumfa: tsami ne ya gamu da kishiyarsa, suka kashe wa juna kaifi, wata iska ta fita. Ki matsa lemon tsami cikin zoborodo ya ƙara ja, ki sa masa kanwa ya yi duhu. Matan da ke dafa ruwan toka da mai su fitar da sabulu, da masu rini da ke tsoma zane cikin baba ya fito kore-kore sai ya sha iska ya koma shuɗi, duk aikin nan suke yi. Abin da makaranta take ƙarawa shi ne dalili da awo: me ya sa haka ta faru, kuma nawa za a sa don gobe ma a sami daidai abin da aka samu yau.

Shi ya sa ba a iya koyon wannan ilmi da haddar littafi kaɗai, kamar yadda ba wadda ta taɓa iya tuƙa tuwo da jin labari. A zamanin da muke magana kuwa, galibin makarantun sakandare na Amurka da haddar suke koyar da shi. Malami ya karanta, yara su maimaita, in an yi sa'a ya yi gwaji ɗaya a kan teburinsa suna kallo daga nesa. To, malamin kimiyya na Rogers, Bature ne, ya lura yarinyar nan ta fi duk ɗalibansa fahimta. Sai ya ba ta dama ta riƙa shiga ɗakin gwaje-gwaje tana yin ƙarin aiki da hannunta, bayan wanda ake yi a aji. Ba kuɗi ya kashe ba, ba wata doka ya canza ba, ƙofa kawai ya buɗe wa yarinya guda. Amma in kun cire wannan daga labarin, ban ga yadda za a yi ta tsaya gaban ɗalibai daga baya tana koyar da abin da hannunta bai taɓa taɓawa ba.

Lokacin ma ya dace da mai son wannan ilmi. A 1869 wani masani ɗan Rasha, Dmitri Mendeleev, ya jera sinadaran asali 63 da aka sani a cikin jadawali, ya bar gurabe babu kome, ya ce akwai waɗansu sinadaran da ba a gano ba tukuna, har ya faɗi nauyinsu da halinsu. Mutane da yawa ba su yarda ba. A 1875, Josephine tana sakandare, aka gano na farko a Faransa. A 1879 aka gano na biyu, a 1886 na uku a Jamus, kowanne ya faɗa gurbin da aka bar masa. Jadawalin nan ne 'ya'yanmu suke haddacewa yau, sai dai yanzu sinadaran sun kai 118.

Karatun shekara 4 ta yi shi cikin 3. A 1877 ta fita da matsayi na ɗaya a ajinsu, ita aka zaɓa ta yi jawabin ban kwana, aka ba ta lambar yabo. Ita ce baƙar fata ta farko da ta gama wannan makaranta.

Yanzu ga tambayar da ta sa na ɗauko labarin. Yarinya mai irin wannan sakamako, me ya hana ta neman jami'a? Ita dai kwalejin horon malamai ta Rhode Island ta zaɓa, a birnin Providence, watau kwalejin da Fanny Jackson ta taɓa yi. Ba na jin wannan dacewa ce kawai. Yaro abin da ya gani yake so ya zama, ita kuwa babbar macen da ta taɓa gani a rayuwarta malama ce.

Amma kada mu yi wa labarin kwalliyar da ba shi da ita. Akwai kuma maganar ƙofofin da ke rufe. A 1871 wata Baturiya mai suna Ellen Swallow ta zama mace ta farko da babbar kwalejin fasaha ta MIT ta yarda ta shiga ta karanta kemistiri, kuma ko ita ba a rubuta ta cikin cikakkun ɗalibai ba, ɗaliba ta musamman aka kira ta. Wannan fa farar fata ke nan. Ga kuma wani saurayi baƙar fata, Edward Bouchet, wanda a 1876 ya sami digirin dakta a ilmin fiziks daga Jami'ar Yale, baƙar fata na farko da ya sami irin wannan digiri a Amurka. Ba jami'ar Turawan da ta ba shi aiki. A makarantar nan ta Fanny Jackson ya ƙare, yana koya wa yara fiziks da kemistiri har shekara 26. In namiji mai digirin dakta haka ta kasance masa, mace baƙa me za ta sa rai da shi a kamfani ko a jami'a? Aji shi ne wurin da ilminta zai yi aiki tun daga ranar farko, kuma can ne ake matuƙar bukatarta. Mutane wajen miliyan 4 ne suka fito daga bauta, mafi yawansu ba su san ko baƙi ɗaya ba.

A 1879 ta gama kwalejin da daraja, nan ma ita kaɗai ce baƙa a ajinsu. Ta zama baƙar fata ta farko da aka ba takardar izinin koyarwa a makarantun Rhode Island. Da takardar a hannunta ta kama hanyar yamma, tafiyar fiye da mil 1,000, wadda ta fi daga Ikko zuwa Kano nisa.

Makarantar da ta nufa ita ma tana da nata labarin, kuma sai an ji shi za a gane abin da ya ja ta. Misuri jihar bauta ce a dā. A 1847 ta kafa dokar da ta haramta koya wa baƙar fata karatu da rubutu. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1861, daga baya aka ɗauki baƙar fata aikin soja, sai bayin Misuri da yawa suka shiga, kuma a sansanin soja suka fara koyon baƙi, hafsoshinsu suna koya musu. Bayan yaƙi ya ƙare, sojojin runduna ta 62 da ta 65 suka ce abin da suka ɗanɗana sai 'yan'uwansu na gida sun samu. Suka yi karo-karo daga albashinsu suka tara fiye da dala 6,000. Akwai sojan da albashinsa dala 13 ne a wata, ya ba da dala 100. Da wannan kuɗi aka buɗe Lincoln Institute a watan Satumba na 1866, a wani tsohon gini na katako, da ɗalibai 2.

Lokacin da Josephine ta iso makarantar ta girma, ta koma hannun gwamnatin jiha, babban aikinta kuma horar da malaman da za su watsu cikin makarantun baƙar fata. Wanda ya zama shugabanta a 1880, Inman Page, shi ma a bauta aka haife shi, ya gama Jami'ar Brown da ke Providence a 1877. Ra'ayinsa shi ne lalle yaran nan su ga malamai masu irin fatarsu a gaban aji, domin kafin zuwansa galibin malaman Turawa ne. Josephine tana cikin baƙar fata na farko da aka ɗauka. Malamai a ɗakunan kwanan ɗalibai suke zaune tare da su, saboda haka aikinta ba ya ƙarewa da buga ƙararrawa. Yarinyar da ba ta gane darasi da rana ba, da dare ga malama a ɗaki na gaba.

Ku tuna su wane ne ɗaliban. 'Ya'yan mutanen da shekara 20 kafin nan laifi ne a koya musu harafi. Yanzu ga wata budurwa tana koya musu abin da ke cikin ruwa da iska da gishiri, su kuma gobe su je su koya wa wasu. Daga baya ta rubuta ra'ayinta game da ilmi, inda ta nuna cewa manufarsa ita ce a gina mutum gaba ɗayansa, jiki da ruhu, ya iya rayuwa cikakkiya. Wannan magana tana da nauyi a lokacin, domin akwai masu ganin baƙar fata sana'ar hannu kaɗai ta dace da shi, noma da kafinta da ɗinki, kimiyya kuwa ta fi ƙarfinsa.

A 1886 aka naɗa ta shugabar sashen kimiyya na makarantar, kuma ana lissafa ta a matsayin mace baƙar fata ta farko da ta riƙe irin wannan muƙami a wata kwaleji a Amurka. Mashahurin malamin nan Booker T. Washington ya nemi ta koma makarantarsa ta Tuskegee ta zama shugabar ɓangaren mata. Muƙami ne babba, mai kiran kuma ba ƙaramin mutum ba ne. Ta ce a'a, ta zauna a wurin aikinta.

Abin da Booker Washington bai iya ba, al'adar zamanin ta yi shi cikin sauƙi. A 1889 ta auri William Ward Yates, shugaban wata makaranta a Kansas City. Makarantu da yawa a Amurka a lokacin ba sa barin matar aure ta koyar, ana ɗaura aure aiki ya ƙare. Ta ajiye aikin ta bi mijinta. Duk abin da uwa da kawu da inna da malamai biyu suka haɗu suka gina, ranar biki ɗaya ta raba shi da ɗalibai. Ba mijin na zarga ba, shi ma malami ne, ba shi ya kafa ƙa'idar ba. Amma asarar ta yaran Lincoln ce, kuma irin wannan ƙa'ida ta daɗe a makarantun Amurka, sai wajen tsakiyar ƙarni na 20 aka rabu da ita.

Ba ta naɗe hannu ba. Ta haifi 'ya mace a 1890 da ɗa namiji a 1895, tana renonsu tana rubutu a jaridu, wani lokaci da sunan aro na R. K. Potter. A 1893 tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar mata baƙar fata ta Kansas City, ita ce shugabarta ta farko. Da aka kafa babbar ƙungiyar mata baƙar fata ta ƙasa baki ɗaya a 1896, ta riƙe mataimakiyar shugaba, ta riƙe ma'aji, a 1901 kuma aka zaɓe ta shugaba, ita ce ta biyu bayan Mary Church Terrell.

A 1902, shekara 13 bayan ta tafi, Lincoln Institute ta aika a kira ta, da aurenta da 'ya'yanta. Ta koma, sai dai wannan karon sashen Turanci da tarihi aka ba ta. A 1908 ta nemi ta sauka saboda rashin lafiya, hukumar makarantar ta ƙi karɓar takardar. Sai da mijinta ya rasu a 1910 ta koma Kansas City, inda ta rasu ran 3 ga Satumba, 1912, bayan gajeriyar jinya. A 1921 aka ɗaga makarantar da sojojin nan suka kafa ta zama Jami'ar Lincoln, tana nan a Jefferson City har yau.